Marfin Kwalba da Ƙwayar Wake: Shekara Guda a Aji Uku

    Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai ɗinkin hula ma kada ta ajiye allura, kunnuwanku kawai nake aro na ɗan lokaci.

Yau da tonon asirin kaina zan fara. Wata ranar Asabar ina gyaran ɗaki, sai na zazzage jakar makarantar 'yata, wadda ba ta daɗe da shiga aji uku na firamare ba. Me zan gani? Wata baƙar leda cike da marfin kwalbar lemo, da ƙwallayen dabino, da tsinken tsintsiya an ɗaure su dami-dami da zare. Na ce oh ni, yarinyar nan ta zama bola! Ban yi wata-wata ba na watsa su cikin shara, almajirinmu ya zo ya kwashe. Ranar Litinin da safe sai ga kuka. Na ce lafiya? Ta ce, "Umma, lissafina kika zubar." Na ce wane irin lissafi a cikin marfin kwalba? Ta ce Malama ce ta ce kowa ya tara, kuma mako uku ta yi tana tarawa.

Kunya ta kama ni ƙwarai. Ga ni dai na yi karatu har jami'a, kullum ina bakin wannan na'ura ina yi wa mata wa'azin ilimin yara, amma ban san abin da ake yi a ajin 'yata ba. Da na shaida wa maigidana, sai ya ce to ai gani ya kori ji, ki je ki gani mana. Na je na ba Malama haƙuri, na kuma roƙe ta ta bar ni in riƙa leƙowa lokaci-lokaci. Haka na yi ta yi har shekarar karatu ta ƙare. To, na san da yawa daga cikinku ba ku samun fita zuwa makarantar 'ya'yanku, sai dai abin da yaro ya dawo da shi a jaka da kuma a baki. Shi ya sa na ce bari in zama idonku, in ba ku labarin abin da na gani, daga zangon farko har na ƙarshe.

Kafin nan, ga dalilin da ya sa maganar ta dame ni. Dukanmu mun san yaron da zai tsaya ya rera biyu sau biyu huɗu har zuwa goma sha biyu sau goma sha biyu, kamar waƙa, amma in kin aike shi sayen kayan miya a cuce shi a canji bai sani ba. Ya haddace, bai gane ba. Wannan matsala ba a gidanki kaɗai take ba. A shekarar 2022 Bankin Duniya da wasu hukumomi sun fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin kowane 10 suna kai shekara goma da haihuwa ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi ba. A Nijeriya kuwa tun 2004 aka kafa dokar da ta ce ilimin shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne. Ke nan tura yaro makaranta wani abu ne, ya fito da abin da zai amfane shi kuma wani abu ne daban.

To, mu shiga aji. Zangon farko yakan fara ne a watan Satumba, daidai lokacin da damina ke ban kwana, ya ƙare a Disamba. Ranar da na fara zuwa, yara sun fi saba'in a ajin, wasu a benci wasu a tabarma. Malama ba ta da wani kayan aiki na kuɗi, alli ne kawai da allo. Amma ta raba yaran rukuni-rukuni, kowane rukuni da tarin tsinke a gabansa. Ta ce su ƙirga goma-goma su ɗaure. Dami ɗaya goma ke nan. Sai ta rubuta 32 a allo, ta ce kowane rukuni ya nuna mata wannan lamba. Yara suka ajiye dami uku da tsinke biyu. Ta ce to, ku ɗebe bakwai.

Nan fa aji ya yi tsit. Tsinke biyu ne kawai a warware, ta yaya za a ɗebe bakwai daga biyu? Malama ba ta ce komai ba, ta harɗe hannu tana jira. Can sai wata 'yar ƙaramar yarinya ta miƙa hannu ta kwance dami ɗaya. Tsinke suka zama goma sha biyu a warware, ta ɗebe bakwai, saura biyar, ga kuma dami biyu a gefe. Ta ɗaga murya ta ce, "Malama, ashirin da biyar!" Jama'a, wallahi a ranar na gane abin nan da aka yi ta ce mana "a aro ɗaya" muna yara. Shekara da shekaru ina aron ɗaya a takarda ban san daga ina nake aro ba. Ashe dami ake kwancewa. Wannan dabara ta dami da tsinke ba a ajin nan kaɗai ake yin ta ba. Wata ƙungiya ta ƙasar Indiya mai suna Pratham ta daɗe tana koyar da yaran da aka bari a baya da ita, kuma an gwada tsarin nata a ƙasashen Afirka da dama, har da wasu makarantu a arewacin Nijeriya.

Marfin kwalbar da na zubar kuwa, na koyon sau ne. Malama takan ce su jera layi huɗu, kowane layi marfi uku. Su ƙirga, goma sha biyu. Sai ta ce su koma ɗaya gefen su kalla. Yanzu ya zama layi uku, kowanne marfi huɗu, amma adadin bai canja ba. Yaro ya gani da idonsa cewa huɗu sau uku da uku sau huɗu duk abu ɗaya ne. Wata rana ma kiret ɗin ƙwai ta shigo da shi, wanda ba kowa a ciki: layi biyar, kowanne rami shida, talatin ke nan cif. Ke mai sayar da dafaffen ƙwai ai kin daɗe da sanin wannan, ba ki dai san sunansa darasi ba ne.

Da kaka ta yi, aka girbe dawa da gero, sai aji ya cika da kara. Yara suka fere ɓawonsa, suka yi ta soka shi a totuwa suna haɗa siffofi: mai kusurwa uku, mai kusurwa huɗu, da akwati mai fuska shida. Malama ta ce su danna kowanne da yatsa. Mai kusurwa huɗu ya karkace, mai kusurwa uku ya tsaya ƙyam. Ta ce in sun koma gida su ɗaga kai su dubi katakon da kafinta ya ɗora wa kwanon rufi, su faɗa mata wace siffa suka gani. Maza suka ƙera motar kara, mata ma suka ƙera, ba ta hana kowa ba.

Abin da ya fi ba yara mamaki a wannan zango shi ne zoɓo. Ta jiƙa shi ta tace, ta zuba a kofi uku masu haske. Na farko ta bar shi haka nan. Na biyu ta matsa masa lemon tsami, sai jansa ya ƙara fitowa ya yi haske. Na uku ta ɗiga masa ruwan kanwa, nan take ya rikiɗe ya yi duhu, ya koma wajen kore-kore. Aji ya kaure da ihu, wani yaro har da cewa tsafi ne. Malama ta ce ba tsafi, launin da ke cikin zoɓo ne yake canjawa gwargwadon abin da ya haɗu da shi, ko mai tsami ne ko kuwa dangin kanwa da toka da sabulu. Kun ga ke nan abin da ake kira kimiyya yana nan a madafinki tun tuni. Ke da kike jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami, aikin da kike yi ke nan.

Akwai kuma wani aiki guda da suka fara a zangon farko, wanda bai ƙare ba sai da shekara ta ƙare. Malama ta kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a tsakiyar fili, a miƙe sosai. Duk mako, wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi na rana, lokacin da inuwa ta fi gajarta, yara biyu za su fita su auna inuwar sandar, su rubuta a wata takarda da aka manna a bango. A watan Disamba inuwar ta kai wajen santimita 70, tana fuskantar arewa. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Zango na biyu yakan kama daga Janairu zuwa wajen Afrilu, wato ya fara da hunturu ya ƙare da zafin bazara. Da sanyin nan da hazo, leɓe duk ya tsage, sai Malama ta ce kowa ya yayyaga takarda ƙanana-ƙanana, ya goga jikin bironsa a rigar sanyi ko a gashin kansa, ya kusanto da shi. Takardu suka yi tsalle suka manne wa biro. Kin san wani lokaci da dare a cikin hunturu in kin cire hijabi mai santsi sai ki ji ƙas-ƙas, har ki ga ɗan tartsatsi a cikin duhu? To abu ɗaya ne. Wani nau'in lantarki ne da gogayya ke tarawa, kuma ya fi taruwa in iska ta bushe. Malama ta ce su ajiye wannan a ransu, za su sake gwadawa da damina su ga ko zai yi kamar haka.

Daga nan suka shiga awo. Ta ce kowa ya auna tsawon benci da taƙin hannunsa. Wannan ya ce tara, wannan ya ce goma sha ɗaya, Malama ta auna da nata ta samu bakwai. Gardama ta tashi, kowa na cewa nasa ne daidai. Sai da suka gaji sannan ta tambaye su, to in tela zai yanka muku yadi da taƙi, hannun wa kuke so ya yi amfani da shi? Suka ce na babban mutum! Ta yi dariya ta fito da tef irin na ɗinki. A nan suka gane dalilin da ya sa duniya ta yarda da ma'auni guda: mita ɗaya santimita 100, yadi ɗaya inci 36, wato ya gaza mita da kaɗan. Haka suka yi da ruwa. Ledar ruwa da ake sayarwa rabin lita ce, leda biyu lita ɗaya. Kada ku raina wannan, iyayena. Ranar da yaro ya kamu da gudawa aka kawo miki ƙunshin gishiri da sukari daga asibiti, a jikinsa an rubuta yawan ruwan da za a zuba, galibi lita ɗaya. In akwai wanda ya san lita a gidan, an huta da kame-kame.

Suka kuma buɗe kanti a lungun aji. Kwalayen ashana da ba kowa a ciki, gwangwanayen madara, takardun sabulu, da kuɗin takarda da suka zana da hannunsu. Yau wannan ce mai kanti, gobe wancan. Dokar ita ce mai saye ba zai bar wurin ba sai ya ƙirga canjinsa da ƙarfi kowa ya ji. Na lura da wani abu a nan. Yaran da ake ce wa daƙiƙai a lissafin allo, da yawansu su ne gwanaye a kanti, musamman 'yan matan da ke ɗaukar talla da yamma. Lissafin yana kansu tun tuni. Abin da ya rage shi ne a nuna musu cewa wanda suke yi a bakin titi shi ne wanda ake rubutawa a allo.

Da zafi ya tsananta a watan Maris, Malama ta kawo tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. Aka saka ƙaramar cikin babbar, aka cika tsakaninsu da yashi, aka jiƙa yashin, aka zuba tumatir da alayyafo a ciki, aka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, aka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Wani tumatirin da alayyafon kuma aka bar su a kwando a gefe. Yara ke zuba wa yashin ruwa safe da rana. Ba a yi kwana biyu ba alayyafon kwando ya yi yaushi, na tukunya kuwa yana nan da ransa. Dalili shi ne, ruwan da ke tsatsowa ta jikin tukunya yana bin iska, in zai tafi kuma sai ya tafi da zafi. Abin da ke sanyaya ruwan randarki ke nan, shi ne kuma amfanin gumi a jikin mutum. Wani malami a Jihar Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka, har ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a shekarar 2000. Yaran nan da suka ji cewa ɗan ƙasarsu ne, kuma da yumɓu da yashi ya yi, sai ka ga fuskokinsu sun washe.

To, mu koma ga sandar nan. Tun daga Janairu inuwarta ke raguwa mako bayan mako. Da aka zo hutun ƙarshen zango, Malama ta ce kowa ya kafa tasa a gida ya ci gaba da awo. A tsakar gidanmu aka kafa ta, kusa da turmi, na kuma yi alkawari ba zan tuge ba. Wajen ƙarshen Afrilu, wata rana da tsakar rana, sai na ji kira, "Umma, Umma, inuwar ta ɓata!" Na fito, ga sanda a tsaye, inuwa ta shige ƙarƙashinta, da ƙyar ake ganinta. A nan ƙasar Kano rana takan bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta. Da aka shiga Yuni sai inuwar ta sake fitowa, amma ta ɗaya gefen, wato kudu, wajen santimita 20. Kakarta da ke zaune tana kallo ta ce ai su da inuwar katanga suke gane zawali tun ba agogo, kuma sun san katangar da ke ba da inuwa da ɗari ba ita ke bayarwa da damina ba. Tsohuwa da jika suka zauna suna ta musayar sani, ni ina gefe ina saurare.

Zango na uku, daga wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu zuwa Yuli, shi ne na shuka. Kowane rukuni ya kawo gwangwani huɗu da ƙwayar wake. Na farko aka ba shi ƙasa da ruwa aka ajiye a taga. Na biyu ƙasa ba ruwa. Na uku aka ba shi ruwa amma aka kife shi da kwali, ba ya ganin haske. Na huɗu aka cika shi da ruwa har ya shanye waken. Kafin a ga sakamako sai da Malama ta sa kowa ya faɗi abin da yake zato, aka rubuta. Yawancinsu suka ce na cikin duhu ba zai tsiro ba. Cikin kwana huɗu zuwa biyar na taga ya tsiro, kore shar. Na busasshiyar ƙasa shiru. Na cikin ruwa ya ruɓe, don iri ma yana bukatar iska. Da aka ɗaga kwali kuwa, sai ga na duhu ya tsiro, har ya fi na taga tsawo, amma siriri, fari-fari, ba ƙarfi. Waɗanda suka yi zaton kuskure ba wanda ya dake su, ba wanda ya yi musu dariya. Malama ta ce wanda ya yi zato, ya gwada, ya ga ba haka ba ne, ya ƙaru.

Bayan 'yan makonni suka tuge waken da suka dasa a bayan aji, suka wanke saiwar, suka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikinta. Wasu suka ce cuta ce. Malama ta bayyana musu cewa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke zaune a ciki, suna ɗauko sinadarin da shuka ke bukata daga iska su mayar da shi taki. Shi ya sa iyayenmu manoma ke haɗa wake da gero a gona ɗaya. Suka kuma sake gwada biro da takarda a ranar da aka kwana ana ruwa, da ƙyar takarda ɗaya ta motsa.

Na ƙarshe shi ne ma'aunin ruwan sama. Gwangwani ne mai miƙaƙƙen jiki, a ajiye shi a fili nesa da indararo da bishiya. In an ɗauke ruwa a tsoma rula a ga milimita nawa ya taru, a rubuta, a zubar. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya ta sauka a kan kowane fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi. Da yake Agusta ne watan da ya fi ruwa a nan, kuma lokacin ana hutu, wannan aiki ma gida ya dawo. Malama ta ja kunnensu da cewa kada a bar ruwa ya kwana biyu a gwangwani, don a irin wannan ruwa sauro ke ƙyanƙyasa.

Wata za ta ce, to duk wannan ba wasa ba ne? Yaushe za su yi karatun jarrabawa? Ni ma na tambaya. Abin da na gani shi ne, ba a taɓa yin aiki an tashi haka nan ba. Duk abin da hannu ya yi sai an faɗe shi da baki, sannan a rubuta shi a littafi. Kuma wannan hanya ba baƙuwa ba ce. A shekarar 1907 wata likita 'yar ƙasar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe aji don 'ya'yan talakawa a wata unguwa ta birnin Rum, inda yara ke koyon haruffa ta hanyar shafa su da yatsa. A nan Kano ma, makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu. Kafin su duka, ɗalibin makarantar allo shi ke wanke allonsa, ya fiƙe alƙalaminsa, ya dafa tawadarsa. Ke kanki wa ya koya miki tuƙin tuwo da baki kawai? Muciya aka miƙa miki.

Sai dai akwai gyara. Lokacin da muke firamare, in an ce a kawo aikin hannu, sai a ba mu kuɗi mu sayo tsintsiya ko mafici a kasuwa mu kai, a ba mu maki. Wani lokaci ma kuɗin kawai ake karɓa. Ba abin da muka koya a ciki sai yadda ake sayen maki. In an ce ɗanki ya ƙera abu, kada ki saya masa, kada kuma ki karɓa ki yi masa don ya fi na kowa kyau. Karkatacciyar motar da ya yi da hannunsa ta fi masa amfani. In kuma kika ga kullum kuɗi ake nema da sunan aikin hannu, ki yi wa maigida magana ya je ya tambaya, ko ya tayar da zancen a taron iyaye da malamai.

To, mene ne naki a ciki, ke da kike cikin gida? Da farko, ki ware wa yaro wani tsohon kwano ko kwali, ki ce nan ne ma'ajiyar kayan karatunsa, ki kuma gaya wa mai shara kada a taɓa. Kada ki yi irin tawa. Na biyu, in ya dawo kada ki tsaya ga "me aka koya muku yau?", don amsar ita ce "ba komai". Ki ce masa, "Zo ka nuna mini." Ko ba ki yi boko ba, in ya jera tsinke a gabanki za ki gane, shi kuma yana nuna miki yana ƙara ganewa. Ina da maƙwabciya da ba ta taɓa shiga aji ba, ɗanta ya koya mata dami da tsinke, yanzu da su take duba lissafin adashen da take riƙewa. Na uku, ki saka shi a cikin awon gida: gwangwani nawa ke cika mudu, in an raba ƙosai ashirin ga mutum biyar nawa kowa zai samu. Na huɗu, in ya dawo da taɓo a riga, ki tambayi dalili kafin ki ɗaga hannu. Sannan ki sa ido, reza da wuƙa ba na ƙaramin yaro ba ne sai da babba a kusa, ruwan kanwa kada ya shiga ido, marfin kwalba da ƙwayar wake kuma a nisanta su da mai rarrafe, kada ya kai baki ko hanci.

Magana ta ƙarshe a kan 'ya'ya mata ce. Irin wannan karatu a jere yake, kamar saƙa. Yarinyar da aka tsare ranar da aka shuka wake don ta ɗauki talla ko ta yi raino, in ta dawo ranar da aka buɗe kwali ba za ta san abin da ake mamaki a kai ba. Na ga wata yarinya mai kaifin basira a ajin nan, ita ce ta fara kwance dami a ranar farko, amma da aka shiga zango na uku sai ta riƙa zuwa yau, gobe babu, har na daina ganinta. Na san halin da ake ciki, na san wani gidan da cinikin nan ake cefane, ake kuma tara kayan ɗaki. Ba na zargin kowa. Roƙona shi ne a duba ko tallar za ta iya jira har a tashi daga makaranta, a bar mata safiyarta.

'Yata dai ta gama aji uku. Ledar nan tana nan rataye a ƙusa bayan ƙofa, ba mai taɓa ta. Kwanan baya na aike ta sayen manja da tattasai, ta dawo ta ajiye canji ta ƙirga mini shi a tafin hannu, ta ce mai kanti ya yi kuskure ya ba ta fiye da nata, ta mayar masa. Na yi wa Allah godiya, na kuma yi wa Malamarta addu'a.

Iyayena da 'yan uwana, a nan za mu dakata. Yau in yara sun dawo, a buɗe jaka a gani, a kuma tambaya. Wadda ta gwada wani abu daga cikin waɗannan da ɗanta, ta aiko mana da labari, za mu karanta a wannan fili. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya saka wa malamansu da alheri.